Hannuwan Matar Kurma

Tun yana lakwal, ɗan makaranta, Abdulhafiz ya tsara wasan kwaikwayon nan na kurman da ya je zance. Shi da ƴan wasansa sun kai shi Belbeji, sun kai shi Gangara, ko'ina sai an yi dariya har da hawaye. Yau a gidan samari na Tanout yana gefen dandamali yana ƙirga kawuna, sai idonsa ya faɗa kan wata mata a bencin ƙarshe.

Ta manyanta, zanenta ya koɗe amma a goge yake. Ba ƴan wasa take fuskanta ba, mijinta take fuskanta, wani dogo mai rawani. Duk abin da aka faɗa sai ta mayar masa da hannu, yatsunta na gudu kamar mai ɓarar gyaɗa. Ashe kurma ne. Wataƙila da hannuwan nan suka yi nasu zancen, da su suke faɗa, da su suke shiryawa.

Sai budurwar wasan ta ce, "Kai kurma, gara in auri jakin babana, shi ko kira yana ji!" Fili ya ɗauki shewa.

Hannuwan matar suka sauka kan cinyarta. Mijin yana murmushi, yana taɓa mata gwiwa: me aka ce? Ko yatsa ba ta ɗaga ba.

"Abdul, ka ji jama'a?" in ji mai lasifika. "Maganar jakin nan taka ba ta tsufa!"

Abdulhafiz ya sake duban bencin ƙarshe. Can baya, mijin ya ga kowa na tafi, shi ma ya soma tafi.