Wayar da Malam Ya Ƙi Buɗewa

Laraba ce. Na tashi da asuba na dama kunu, na ɗora ruwan wankan Nana, 'yata da nake goyo. Malam, mijina, ya dawo daga masallaci ya jona wayarsa a ɗan farantin sola da ke kan danga. Inna, mahaifiyarsa, tana ta faɗa da kaji sun shigar mata gero. Dawa ta yi kai a gonaki, ana jiran ta nuna.

Lokacin gwamnati ta yanke mana sabis. Wai ɓarayin daji da waya suke aiki, in an yanke za su makance. Mu muka makance. Ƙauyenmu yana tsakanin Gidan Goga da Maradun, kuma mazan gari da yawa suna kudu wajen ci-rani. Mace ta haihu ba ta da hanyar gaya wa miji, tsoho ya mutu ba a iya kiran 'ya'yansa. Sai Malam ya ɗauki aikin da ba wanda ya ba shi. Duk mai magana da nasa ya zo ya yi ta a cikin wayar Malam, saƙon murya. In sun taru ya shiga mota ya wuce Bakura, har inda ƙasar Sakkwato ta fara, ya tsaya gindin wata tsamiya inda sabis ke kamawa. Saƙonni su tafi, amsoshi su sauko, ya dawo da su gida.

Dattawa ba su yarda da wannan haka kawai ba. Sai da liman ya sa shi ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, cewa abin da ya shiga wayar nan ba mai jinsa sai wanda aka yi dominsa. Mata a ɗakina suke yin nasu. Ya buɗe wayar da lambar sirrin da ke kansa, ya miƙo mini daga zaure, in ba mace, in fita tsakar gida. Ni matarsa ban san lambar ba. Na taɓa tambaya, ya ce ba da ni aka yi rantsuwar ba.

Da hantsin ranar Hassi ta zo. Matar ƙanen maigari ce, ba ta daɗe da dawowa daga hannun ɓarayin daji ba, bayan watanni a can. Yayarta da ke Zariya za ta yi wa magana. Ban kasa kunne ba, Allah ne shaidata, amma ɗakin ƙauye ba ya riƙe kuka. Na ji ta ce ba ta ga al'ada ba. Na ji ta ce dangin mijinta ba su sani ba. Ta fito ta ba ni wayar da hannu biyu, ta ja mayafi ta tafi. Na mayar da wayar kan danga.

Ƙarfe tara da rabi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ƙarar ta taso daga gabas kamar an kunna injinan niƙa gaba ɗaya. Sai harbi ɗaya, sai shiru, sai kuma ko'ina ya ɗauka. 'Yan sa-kan garinmu sun tafi jana'iza wani ƙauye tun da safe. Tsinannun sun san da haka. Wani ya gaya masu, wannan ban musa ba.

Na saɓa Nana ban ko ɗaure zani da kyau ba. Malam ya fizge wayar daga danga ya jefa aljihu, ya durƙusa Inna ta hau bayansa. Muka fasa dangar baya muka faɗa cikin dawa. A bayanmu ana ihu, “Ku fito! Ku fito da shanu!” Na ji muryar maƙwabcinmu yana salati, aka yi harbi, salatin ya tsaya a tsakiya.

Muka kwanta a wani kwari har rana ta take. Na toshe bakin Nana da nono. Hayaƙi ya taso, na gane warin, rumbuna ne ke ci. Gero yana da warinsa in yana ƙonewa. Babura suka yi ta kai da komo har wajen azahar, sannan ƙarar ta yi nisa da kukan shanu a tare.

Ba wanda ya ce a koma. Muka fito daga dawa ɗaya-ɗaya, muka haɗu da sauran mutanen gari, muka ɗauki hanyar Mafara da ƙafa. Muka bi gefen hanyar ruwan Bakolori, yara suna sha da hannu. Wata mata tana tafe tana kiran sunan ɗanta, ba mai amsawa, ba kuma mai ce mata ta yi shiru. Hassi tana cikinmu, surukinta yana gabanta da sanda. Malam bai sauke Inna ba sai da ƙarfinsa ya ƙare.

La'asar sakaliya muka iso shingen bincike kafin shiga gari. Masu kaki ne da 'yan sa-kai na wannan yanki. Da muka hango su har na ce alhamdu lillahi, wauta ta sa na ɗauka mun tsira. Tun safe ake kashe mu ba mu ga ƙeyar ko ɗaya ba, ashe suna nan bakin kwalta suna jiran waɗanda suka rage.

“Maza nan, mata can! Kowa ya fito da wayarsa!”

Infoma suke nema, masu kai wa ɓarayin daji labari. Aka jera maza a ƙasa. Kowa ya buɗe wayarsa ya miƙa. Da a gefe suke dubawa da sauƙi. A'a, sakin murya suke yi kowa na ji. Aka kunna ta wani tela, sai ga muryar matarsa tana yi masa irin maganar da mace ke yi wa mijinta in an rufe ƙofa. Suka fashe da dariya. Wani ɗan sa-kai ya ce a maimaita. Matar tana tsaye kusa da ni, ta cusa fuska cikin hijabi.

Aka zo kan Malam.

“Buɗe.”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba tawa ce ni kaɗai ba. Amanar mutane ce.”

“Buɗe na ce!”

Ya yi bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya faɗi tsamiyar, ya faɗi rantsuwar. Ya ce a kai shi gaban alƙali, ko a kawo mace jami'a ta saurara ita kaɗai a ɗaki, ya yarda. Ashe da bakinsa yake haƙa wa kansa rami. Mutum mai zuwa iyakar Sakkwato neman sabis, da waya cike da saƙonni, a rufe. Wani ɗan sa-kai ya buga ƙafa ya ce, “Infoma na, wallahi. Mi yaka ɓoyo?”

Aka kama babban yatsansa aka danna a jikin wayar. Ba ta buɗe ba, don bai taɓa sa mata yatsa ba. Aka ɗora masa gindin bindiga a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Inna ta rarrafa ta kama takalmin mai kaki, ya hankaɗe ta.

Na duba mazan garinmu. Duk sun san aikin Malam. Duk sun ci moriyarsa. Liman yana cikin gawawwakin da muka baro, amma sauran da suka ga rantsuwar suna nan zaune, kowa ya kafa ido a ƙasa kamar an ce ya ƙirga tsakuwa. Wanda ya yi shaida shi ma infoma za a ce masa, sun sani. Ban yafe masu ba duk da haka.

Ni na yi magana. Na ce, “Malam, ka buɗe! Don girman Allah ka buɗe!” Ya ɗago, jini a bakinsa. Bai dube ni ba. Ya dubi wajen da Hassi take tsaye bayan surukinta, ya mayar da kai ƙasa. Saƙonta ne a sama, shi za a fara ji. Da na san lambar nan da na faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Asirin Hassi ba ya goya mini Inna, ba ya ciyar da Nana.

Ana kiran magariba a cikin gari suka jefa shi bayan mota, hannu a ɗaure da igiyar akuya. Waɗanda suka ƙone mana gari suna can daji suna gasa naman shanunmu. An bar jaki ana dukan taiki.

Aka sauke mu a wata makarantar firamare a Talata Mafara. Wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga kudu, ita ta ɗaure wa Inna hannun da ta faɗi a kai, ta ba mu tabarma. Washegari na fara sintiri. Ofishin nan a ce ba nan ba, wancan a ce dawo gobe. Daga baya wani babba a cikin jami'an ya ga naci ya ishe shi, ya ce in shigo. Ya ce an kai wayar Gusau, an sa ta a na'ura, na'ura ta kasa, don irin waɗannan in ba lamba duk abin da ke ciki a dagule yake. Ya ce, “Hajiya, mutane ake kashewa. Wanda ba shi da laifi me zai rufe? Ya buɗe ya koma gida.” Na ce masa shi ma ɗakin matarsa yana da ƙofa. Aka fitar da ni.

Inna ba ta kai girbi ba. Zazzaɓi aka ce. Ni na san abin da ya kashe ta.

Labarin Malam wani direba da aka sako ya kawo mini, sun zauna ɗaki ɗaya. Ya ce kullum sai an fitar da shi an tambaye shi lamba. Ya ce kafaɗar ta kumbura ta yi ruwa, ya daina cin abinci. Wata safiya aka ɗauke shi a bargo, ba ya motsi. Takarda ba a ba ni ba, gawa ba a ba ni ba. Da maganar direba na shiga takaba.

Matan garinmu suka riƙa zuwa gaisuwa a ajin da muke kwana. Kowacce ta zauna, a yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa ya huta. In za ta tashi sai ta matso ta rage murya. Tambayar ɗaya ce a bakinsu duka.

Hassi ta zo da wata Juma'a. Yayarta ta aiko a ɗauke ta, Zariya za ta tafi jinya, haka aka gaya wa mutane. Ta yi gaisuwa mai tsawo, tana murza bakin mayafi. Sannan ta ce, “Yaya Rabi, ya buɗe?”

Na ce bai buɗe ba.

Ta sauke ajiyar zuciya a gabana. Ta ji kanta, ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo. Ban rarrashe ta ba. Na ce ta tashi kada mota ta bar ta.

An dawo da sabis yanzu, kowa da wayarsa a kunne. Mu huɗu muka fito daga gidan nan, mu biyu muka rage. Rumbu biyu, ɗakuna uku, akuyoyin Inna, duk sun tafi. Hotunan Malam da Nana ranar suna suna cikin wayar. Nana ta fara magana, tana kiran kowane mai farar riga Baba. Kabarinsa ban san inda yake ba.