Hular da Na Saya wa Ƙanena

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai tsoron bakin mutane fiye da tsoron ciwo. Mijina ya rasu, na dawo gidan mahaifinmu a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ni ce babba a gidan. An tashe mu a kan cewa maganar gida ba ta wuce zaure, ni kuwa na riƙe wannan har na wuce gona da iri. Ƙanena namiji ɗaya ne, manomi, mai barkwanci, yana zaune a gidan da matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Bai taɓa shigowa ba sai ya ƙwala mini kiran Yaya tun daga bakin ƙofa, wai don in ɓoye ƙuli-ƙulina kafin ya iso.

Wata kaka yana ɗauko masara a babur daga gonarmu ta gado da ke bakin daji, 'yan bindiga suka tare shi. Suka ƙwace babur ɗin, ɗayansu ya sauke masa gindin bindiga a ka. Kamar gawa aka tsinto shi. Ya daɗe a asibiti, aka yi masa aiki aka cire wani ɓangare na ƙashin kansa, wurin ya lotsa a saman kunnen hagu. Ranar sallama likita ya zaunar da ni ya ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Zai riƙa mantuwa, zai riƙa bin abin da ya saba yi a da, kuma zai iya faɗin abin da bai faru ba alhali ba ƙarya yake nufi ba. Ya ce lallai mu sanar da maƙwabta. Wallahi duk bayanin nan kalma ɗaya na ji, ita ce mahaukaci, duk da likitan bai furta ta ba. Na tuna 'ya'yanmu mata da za a zo nema wata rana a ce akwai taɓin hankali a zuri'arsu. Ranar kasuwar Yankara na sayo masa hula mai zurfi wadda ke sauka har kunne, na ce kada ya kuskura ya cire ta gaban kowa. Na bi gida-gida ina godiyar dubiya, ina rantsuwa cewa ya warke sarai.

Bai warke ba. Kusan kullum da ya idar da sallar asuba sai ya saɓi fartanya ya nufi tsohuwar gonar, wadda kowa a ƙauyen ya daina ko kallon hanyarta. In na kulle ƙofa ya haura katanga. In yi ta leƙen hanya har sai na ga ya dawo da hantsi, lafiya ƙalau, yana murmushi. In aka tambaye shi a majalisa daga ina yake, yau ya ce daga garin Ketare, gobe ya ce gidan suna, jibi ya ce wurin Babanmu ya je, Baban da ya daɗe a ƙasa. Ni kuma sai in rufe da dariya in ce ai kun san shi da wasa. Na manta irin zamanin da muke ciki. A wajenmu ba abin da ake tsoro kuma ake ƙi kamar mai kai wa mutanen daji rahoto, wanda zai gaya musu wane ya sayar da sa, wane ya cika rumbu. Ga mutum yana shiga inda ba mai shiga, yana fitowa ba ko ƙwarzane, kuma maganarsa ba ta zama ɗaya.

Ana haka wata dattijuwa ta yi mana sallama. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce daga Kankara, suna da ƙungiya ta iyalan waɗanda suka samu rauni a ka, wasu hatsarin babur, wasu faɗowa daga bishiya, wasu irin namu. Ta ce tana so mu je tare wurin mai gari da liman da shugaban 'yan sa-kai a yi musu bayanin lalurarsa, a kuma samu masu lura da shi in ya fita. Ta dube ni ta ce a ƙasar nan yanzu, mutumin da ba zai iya faɗin inda ya fito ba ransa yana hannun Allah yana hannun danginsa. Na ba ta ruwa, na yi mata murmushin da bai kai ciki ba, na ce Hajiya ta yi ɓatan gida, mu ba mu da mahaukaci. Ta ce ita ma ba mahaukaci ta zo nema ba. Ashe kafin ta fita ta bar lambar wayarta wurin matarsa.

Ba a daɗe ba aka kore shanun wani maƙwabcinmu. Washegari da hantsi ina gaban kasko wata mata ta faɗo gidan ba sallama, ta ce 'yan sa-kai sun kama ƙanena yana fitowa daga daji. Ban san na fita ba takalmi ba mayafi ba. Na same shi a ƙasa gindin tsamiyar dandali, an kewaye shi, bakinsa na jini. Ana tambayarsa wa ya gani a daji, ya faɗi wannan, a sake tambaya ya faɗi wancan, kowace amsa da dukanta. Bai kare fuskarsa ba, bai kare cikinsa ba. Hannunsa biyu suna kan hular ya danne ta. Na kutsa ina ihu cewa ba shi da lafiya, kansa ne, ku ji tsoron Allah. Sai wani daga cikinsu, wanda na sani tun yana goye, ya tambaye ni ko ba ni ce na shiga gidan uwarsa na rantse cewa ya warke sarai ba. Na ji ana cewa a kai shi bayan gari, kuma babu wanda bai san abin da hakan ke nufi ba.

Liman ne ya roƙi arziki a dakata har a yi azahar, ita kuwa matarsa tuni ta kira dattijuwar nan. Allah ya sa tana Faskari wurin wani mara lafiya, ta hau ɗan acaɓa ta iso ana fitowa daga masallaci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta gaida mai gari, ta nemi izini a cire wa ƙanena hula. Ya ƙi saki, yana ta maimaita cewa Yaya ta hana. Da hannuna na cire ta. Kowa ya ga ramin, fatar wurin tana motsi kamar maɗigar jariri. Dattijuwar ta tambaye shi a hankali wane ne mai garinmu, ya ambaci wanda ya rasu tun kafin a haifa wa ƙanena ɗansa na fari, alhali ga mai ci zaune a gabansa. Ta yi musu bayanin da likita ya yi mini, wanda ni ya kamata in yi tun farko. Wasu suka sulale, mai gari ya ce a ɗauke shi a kai asibiti.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Yau duk ƙauyen sun san lalurarsa. Wanda ya gan shi ya nufi hanyar daji sai ya kama hannunsa ya juyo da shi, wani bawan Allah ma ya ba shi 'yar gona a bayan masallaci yana ɗan taɓawa. 'Yan ƙungiyar suna zuwa duba shi, ni ma ina bin su gidajen da ake ɓoye irinsa, don na san fuskar mai ɓoyewa tun kafin ta buɗe baki. Jama'a, in naku ya samu rauni a ka, ku faɗa wa maƙwabta, ku faɗa wa mai gari da liman, ku faɗa wa masu tsaron gari tun ana zaman lafiya. In masu taimako sun zo, kada ku sallame su da ruwa da murmushi. Rufin asiri na nema, amma nawa asirin na rufa, shi na bar shi a fili.

Dukan ranar nan ya sauka a kansa wanda da ma bai gama haɗewa ba, kuma likita ya ce abin da ya tafi da wuya ya dawo. Har yanzu yana shigowa da hantsi ya tarar da ni gaban kasko. Sai ya tsaya daga nesa, ya rusuna da ladabi, ya ce mini Hajiya, ya tambaye ni wurin wa na zo a gidan nan.