Ko Kwalba Ɗaya Ba Ta Fashe Ba

Da kuɗin man fetur suka fara ambaliya, gwamnati ta aiko wa wata sakandare a Gombe akwatuna goma sha bakwai na kayan kimiyya: kwalaben asid, gwangwanayen kabaid irin na masu walda, tukwanen iskar gas, har da 'yar kwalbar garin wani ƙarfe da aka ce ya fi zinariya tsada, wai kaɗan ake barbaɗa wa sinadarai su haɗu. Aka damƙa wa Malam Cornelius, mai kula da ɗakin kimiyya, mabuɗi. To, nan gizo ya yi saƙa.

Mutumin kirki ne, ko allura ba ya ɗauka. Sai dai tun zamanin Turawa, yana ƙaramin ma'aikacin sito, aka koya masa cewa ma'aikacin ƙwarai shi ne wanda kayansa ba sa raguwa, shi kuwa ya riƙe wannan kamar aya. Kullum da safe zai taho a keke daga Pantami, ya goge kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kwaɗo. In malamin kimiyya ya zo neman asid, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya ƙare wa zai amsa tambaya?" Haka ɗalibai suka yi shekaru suna haɗa sinadarai da alli a jikin allo. A gaskiya dai ba wanda ya taɓa ƙonewa.

Christy, 'yarsa ta fari, tana aji biyar a makarantar. Burinta ta tafi Zariya karatun haɗa magunguna, kuma sai ta ci kimiyya za a ɗauke ta. Ana saura wata guda jarrabawa ta same shi yana cin tuwo.

"Baba, ka buɗe mana ko sau ɗaya ne. Ban taɓa riƙe bututun awon asid ba."

"Ke, kayan gwamnati ne, ba na ubanki ba! Tunda kin iya a takarda, ai hannu zai bi."

Hannu bai bi ba. Ranar jarrabawa, da aka buɗe ɗakin dole, ta murɗa famfon bututun, asid ɗin da ake so ya riƙa ɗiga ya kwarare gaba ɗaya. Ta sake, haka. Ta fito ta kama hanyar gida, abin tausayi.

Sakamako da sufeto daga Bauchi a mako ɗaya suka iso. Christy ta faɗi kimiyya. Shi kuwa sufeto ya leƙa, ya ga kwalabe cike maƙil suna ƙyalli, bai buɗe gwangwanin kabaid ba balle ya ga ya zama toka. Ya rubuta takardar yabo, aka ƙara wa Cornelius girma.

Ya dawo gida baki har kunne, ya tarar Christy ta ɗaure kayanta, za ta Kaltungo koyon ɗinki wajen gwaggonta. Ya miƙa mata takardar, wai ta karanta wa uwarta. Ta karanta tiryan-tiryan. Da ta kai inda sufeto ya rubuta cewa a shekara shida bai yi asarar komai ba, sai ta dakata, ta dube shi, ta maimaita layin.