Baƙin Bijimin da Na Nuna wa Baffa

Hotuna fiye da ɗari uku na dawo da su daga ƙasar Sifen, kuma sai da na tabbatar babu wanda ya tsira daga kallonsu a unguwarmu ta Limawa. Mai shayin bakin layinmu ya gani, maƙwabcina ya gani sau biyu, matata kuwa da ta hango ina zaro waya sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kwas na sati uku kan noman rani aka tura ni, amma yadda nake ba da labari sai ka rantse ni na kafa ƙasar.

Mutum ɗaya ya rage, Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida. Yana rugarmu a bayan Buji. A garkensa shanuna suke, guda goma sha ɗaya, dukansu zuri'ar karsanar da mahaifina ya ba ni ranar sunana. Ni ma'aikaci ne mai zama ƙarƙashin fanka a Dutse, ko tatsa na manta, amma muddin shanun nan suna cikin na Baffa, in ana lissafin 'yan gida ana sa ni. Abin da ya rage mini a rugar ke nan.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a gindin tsamiya, sandarsa a kan cinya. Na nuna masa duwatsu masu farar ƙanƙara, da itatuwan zaitun a jere har iya ganin ido, da tsohon masallacin Andalus mai ginshiƙai kamar ba za su ƙare ba. Ya yi salati. Da ya ga wasu manyan tsuntsaye sun yi sheƙa a kan hasumiya, ya yi dariya ya ce, "Kai, dangin shamuwa! Ashe su ma suna da wurin zuwa." Kowane hoto sai ya tambayi ciyawar da ke gefe, ko shanu na cinta. Na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe ban ga ya saki jiki da ni haka ba.

Sai na ce, "Baffa, na ajiye maka mafi kyau. Bijimi ne."

A Sifen, ranar da aka kai mu wani babban fili, an ce mana wasa da sa za a yi. Na ɗauka irin hawan ƙahon mahauta ne, saurayi ya kama ƙaho, sa ya yi jifa da shi, in ma yanka ne a kwantar da dabba a yi bisimilla. Ba haka ba ne, na kuma zauna na kalla har ƙarshe. Duk da haka wautata ta ce mini mai son shanu zai so ganin wannan bijimin.

Na kunna masa bidiyon. Bijimin ya fito a guje, baƙi wuluk, yana sheƙi. Baffa ya matso da fuskarsa. "Masha Allah. Ba shi da tozo, amma dubi ƙirji."

Wani a kan doki ya caka masa mashi a doron wuya, ya danna, ya murɗa. Jini ya gangaro har kofato. Wasu suka zo da gudu suka kafa masa sanduna masu ƙugiya, suna reto a jikinsa, duk motsin da ya yi nama na yagewa. Wani mai riƙe da jan ƙyalle ya yi ta juya shi har harshensa ya zazzago. Na ji Baffa yana wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin wanda yake yi wa saniya mai naƙuda. A lokacin ya kamata in kashe wayar, ban kashe ba. Aka soka masa takobi har ƙota, bai faɗi ba. Ya tsaya yana tarin jini ta hanci da baki, yana waige-waige. Cikin ihun Turawa sai ga wata murya da Hausa tangaran: "Ƙara masa! Gama da shi!" Sai dariya.

Bijimin ya durƙusa. Aka soke shi da wuƙa a ƙeya, alfadarai suka ja shi a ƙasa.

"Muryar wa ke nan?"

"Tawa ce, Baffa."

"Me ya yi musu?"

"Al'adarsu ce, tun kaka da..."

Ban ga ɗagawar sandar ba. Na dai ji ƙaramin yatsana ya yi ƙas, wayar ta faɗi. Ta biyu ta sauka a kafaɗata, ta uku ta fasa mini leɓe, ta huɗu ta ragargaza wayar. Mutum ne da ya sha bulalar sharo yana murmushi, ya san inda duka ke shiga. Inna, matarsa, ta yar da ƙwarya ta taho, ya ce ta tsaya inda take.

Shekarata arba'in da huɗu, da furfura a gemuna. Zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na riƙe sandar da hannuna mai lafiya, na ce, "Haba Baffa, dabba ce fa! Dabbar wasu ma!"

Ya dube ni, ya sakar mini sandar, ya tafi alwala.

Da safe na tarar ya ware shanuna a gefe. Na durƙusa da kumburarren hannu na ba shi haƙuri, Inna ma ta sa baki. Ya ce, "Dukan da na yi maka, ka yafe mini. Amma wanda ya kalli wancan yana dariya, ba na riƙe masa saniya. Kwashe abinka."

Wani makiyayi daga rugar gaba ya yarda zai riƙe su. Muna kora su, sai tsohuwar jar saniyar, uwar yawancinsu, ta juya ta koma wurin Baffa, ta tura bakinta cikin tafinsa tana neman kanwa kamar kullum. Ya ture ta, ta dawo. Ya sake turewa, ta sake dawowa. Tun tasowata ban taɓa ganin ya daki saniya ba, ko wadda ta shiga gonar mutane da murya yake fito da ita. Ranar ya ɗaga sanda ya sauke mata a hanci. Ta ja da baya, jini na ɗiga, tana kallonsa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ni na jawo mata wannan dukan, kuma ya fi mini nawa zafi.

Yatsan ya warke a karkace. Ina zuwa gaishe shi duk sallah, yana amsawa, yana tambayar yara da aiki. Sai na miƙe zan tafi yake kawar da kai ya tambayi Inna, ba ni ba, ko an ji labarin jar tana cin abinci.