Ranar da Gwaggo ta wanke gansakuka

Tun ina yaro akwai kwata a gefen gidanmu a Kazaure. Ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke na rabin layinmu a nan yake haɗuwa, ya kwanta baƙi ƙirin yana tashin wari. Ban taɓa ganin dattijo ɗaya ya ɗauki shebur dominta ba. Sai dai a toshe hanci, a zagi gwamnati, a tattare bakin riga a wuce masallaci.

Ƙanwata ce ta fara kallon kwatar da idon rahama, shekarar da take ajin ƙarshe a jami'a. Aikin da za ta kammala karatu da shi ke nan: tsabtace ruwan kwata da gansakuka. Eh, gansakuka dai, koren abin nan da ke kwanciya a kan kududdufi. Ta ce akwai wata iri mitsi-mitsi wadda dattin ruwa shi ne abincinta. In ta samu rana sai ta cinye ƙazantar, ta hayayyafa, a tace ta, ruwan ya yi kyan da za a ba lambu.

Ta jera manyan bahon roba a lungun kicin, ta cika su da ruwan kwata. Irin da ta fara kawowa daga makaranta zafin garinmu ya kashe shi. Wata da watanni tana fama kafin ta samu wanda ya jure ranarmu da ruwanmu. Shi ta zuba a gorunan roba ta jera a tagar ɗakinta, tana girgiza su safe da yamma kamar mai rarrashin jariri. Ta ce ko bahon duka sun lalace, muddin irin nan yana raye za ta sake tayar da su. Kuma abin ya yi. Ruwan bahon ya koma kore shar, warin ya tafi. Ni da hancina na shaida.

Baba bai shaida ba. Kullum ya leƙa sai ya ce, “Ikon Allah! 'Ya'yan mutane suna dawowa da aikin likita, tawa ta dawo da noman gansakuka.”

Sai aka ce malaminta zai zo da kansa ya ga gansakukar, ya ɗebi ruwan. In bai ga aiki ba, za ta maimaita shekara. Baba bai ji wannan ɓangaren ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne farfesa zai taka gidansa. Nan take ya aika garin Roni a ɗauko Gwaggo, yayarsa, wadda ba a saukar baƙo a danginmu sai da ita. Gwaggo mace ce mai zuciyar kirki da hannu mai nauyi. In ta ce za ta gyara gida, ko kyankyaso sai ya nemi wani layin.

A al'adarmu baƙo ba ya ganin datti. Mu mu gani, mu shaƙa, 'ya'yanmu su yi ta zazzaɓi, duk ba komai. Amma baƙo ya gani? Wannan abin kunya ne har jikoki.

Da safe, kafin ni da ƙanwata mu hau adaidaita sahu zuwa tasha tarbar malamin, ta durƙusa ta ce, “Baba, don Allah kada a taɓa kayan aikina.”

Ya ce, “To.” Irin “to” ɗin da manya ke ce wa yara, wadda ba ta wuce bakin zaure.

Motar malamin ta makara, sai wajen azahar muka iso. Tun daga bakin layi na ga abin da ban taɓa gani ba a rayuwata: an yashe kwata! Dattawan da suka shekara talatin suna jiran gwamnati sun gama aikin a hantsi ɗaya, suna tsaye cikin manyan riguna suna jiran gaisawa da farfesa.

Aka shimfiɗa darduma, aka kawo dambu da kaza da zoɓo mai sanyi. Malamin mutum ne mai sauƙin kai, ya ci ya yi santi, sannan ya ce a nuna masa aikin. Muka zagaya lungun kicin, goran zoɓonsa a hannu.

Bahon suna nan a jere, suna ƙyalli, suna ƙamshin omo. An cika su da ruwan rijiya garai-garai, har kana ganin gindinsu.

Malamin ya leƙa, ya gyara tabarau, ya ce, “Ina gansakukar?”

Gwaggo ta matso tana gyara mayafi, fuskar nan cike da alfahari. “Ranka ya daɗe, ai ba ma bari ka ganta. Yarinya ce, karatu ya sha mata kai, ta bar kaya sun yi kore. Da soson ƙarfe na bi su ɗaya bayan ɗaya.”

Na ji haushin da ban san inda zan ajiye shi ba. Wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da ta wuni a sunkuye don ta rufa mana asiri? Na dubi Baba, shi kuwa ya sami wani abin kallo a saman katanga.

Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ba komai, malam, ina da iri. A ba ni ɗan lokaci zan sake tayar da su.” Sannan ta juya wajen Gwaggo. “Gwaggo, gorunan da ke tagar ɗakina fa?”

“Waɗannan? Ai su suka fi ba ni wahala, 'yar nan. Sai da na sa ruwan zafi da toka. Amma kin ga sun fita tas.”

Ta nuna goran zoɓon da ke hannun malamin.