Ilyasu Mai Markab da Sarkin Ruwan Sin

A unguwar Abu Rof ta Omdurman aka haifi Ilyasu, jikan Katsinawan da suka fito aikin hajji da ƙafa, suka ga kogin Nilu suka yada zango. Tun yana saurayi yake tuƙa markab, wato kwalekwale, yana ƙetarar da mutane da kwandunan lemo tsakanin tsibirin Tuti da Khartoum. Da aka gina gada fasinja suka watse, sai ya koma ɗaukar masu yawon shan iska.

A cikinsu ya haɗu da wani Basine mai gyaran injuna, mai son kamun kifi, wanda Larabcinsa ke tafiya da ɗingishi. Wata Juma'a Ilyasu ya ɗaure markab zai yi salla, Basinen ya jira shi, sannan ya ce ai su ma sun taɓa yin babban matuƙi Musulmi, sunansa Zheng He.

"Musulmi? A Sin?" in ji Ilyasu.

"Ubansa ma alhaji ne, kakansa alhaji."

Ranar ko tarwaɗa ba su kama ba. Basinen ya ba shi labarin yadda aka kama Zheng He yana yaro aka kai shi fada, ya girma har sarki ya danƙa masa ɗaruruwan jirage, shekara ɗari shida da suka wuce. Sau bakwai ya fita teku, ya ratsa Indiya da ƙasar Larabawa, jiragensa suka kai gaɓar Afirka ta gabas, har raƙumin dawa aka kai wa sarkin Sin.

Raƙumin dawan nan ya hana Ilyasu sakat. Ya koma gida yana tambayar matarsa Kulu ta yaya aka shigar da wuyan cikin jirgi.

"Malam, ci tuwonka," ta ce.

Kafin wata ya ƙare ya sa an rubuta sunan Zheng He da jan fenti a gefen markab. 'Yan unguwa suka kasa faɗa, suka mayar da shi Jangai, shi ma Ilyasu ya zama Jangai. Kowa ya shiga markab ɗinsa sai ya ji tarihin, ko ya so ko ya ƙi, tunda ba wurin gudu a tsakiyar kogi.

Abin da ba ya faɗa wa fasinja shi ne bai taɓa ganin teku ba. 'Yarsa Mawahib, mai shagon yadi a Kasuwar Libiya ta Omdurman, ita ta biya musu umara shi da Kulu. Ya kafe shi fa ta ruwa za shi, daga Sawakin zuwa Jidda.

Jirgi na barin gaɓa ya fara amai. Ya kwanta a tabarma ya rungume bokiti yana salati. Kulu kuwa tana can sama tana shan shayi da matan Kassala, ta cinye guzurinsu su biyu.

"Tashi ka ga teku mana, Malam," in ji Kulu da ta leƙo shi.

"Ki gano mana, kya ba ni labari."

A jirgin sama suka dawo, shi ya roƙa. Kwana biyu da isowa ya sauka bakin Nilu, ya wanke fuska, ya kwance igiyar markab. Wasu 'yan makaranta suka shiga, suka tambaye shi yaya teku take.

"Faɗi gare ta, yarana," ya ce, "amma ba ta da ladabi. Ku zauna tsakiya, kar ku taru gefe ɗaya."