Leander Cissell da Itatuwan Tudun Wilma

Kafin ƙararrawar cocinmu ta kira addu'ar safe, Leander Cissell ya riga ya ba alfadaransa biyu hatsi, ya duba kofatonsu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wa gwiwarsa ta hagu man zafi. Sai ya cika filas da kofi, ya ƙulle burodin masara da dafaffen wake, ya kama hanyar tudu. Haka muka saba ganinsa tun ina sabuwar malama a makarantar garin nan, har na yi ritaya shi bai yi ba. A wannan kakar ce ya rataye sarƙar jan itacensa ya bar aiki, yana da shekara saba'in da 'yan kai, kuma ban ga ya dace ya sauka ba tare da wani ya faɗi abin da ya yi ba.

Sana'arsa ita ce sare farin itacen da ake ƙera gangunan wuski da shi, ya jawo gungumen zuwa bakin hanya da alfadarai. A nan Kentucky ba a zuba sabon wuski sai a sabuwar ganga, itacen kuwa ba ya isa sara sai ya girmi wanda zai sare shi. Da can wannan bai dami kowa ba, domin wuskinmu na gida ne, ana sayensa kamar yadda ake sayen gishiri. Daga baya sunansa ya ƙetare teku. Muka fara jin ana ribibinsa a Tokyo da Landan, kwalbar da kakanninmu ke ajiyewa saboda mura ta koma abin da ake kullewa a bayan gilashi. Ni ba mashayiya ba ce, amma na yi murna da ganin 'ya'yan da na koyar sun samu aiki a gida. Sai dai tsadar ba ta tsaya a kwalba ba. Ta gangaro kan ganga, ta gangaro kan katako, ta iso ƙofar duk wanda ke da tudu mai itatuwa. Tuddai da dama a gundumar nan katafila ta aske su ƙwal, babba da ƙarami, har da waɗanda ba su kai kaurin cinya ba.

Leander yana da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinsa. Ba ya sare itace sai mai ƙasar ya tako da ƙafarsa ya dafa shi. In ba ka iya hawa, zai ɗora ka a kan alfadari. Dillalai suna yi masa dariya, suna cewa ɗaurin aure yake yi da bishiya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai mutum yana iya sayar da daji duka daga teburin kicin, amma hannunsa ba ya yarda da abin da bakinsa ya yarda da shi.

Shekarar da guguwa ta yaye rufin gidan Wilma Greenwell, ita kuma ba ta daɗe da binne mijinta ba, wani dillalin katako ya zo mata da tayin sayen tudun bayan gidan gaba ɗaya. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mata cewa katafila za ta shiga ba, kuma ya ba ta zuwa Ista ta yi shawara. Ɗanta Darrell, direban babbar mota ne da ya haura arba'in, ya matsa mata ta amince. Ina gidan ranar da Leander ya zo, muna zaune tsakanin bokitai uku da ke tarar ruwa.

“Mama, tudu ba ya hana ruwa zuba a kan gado,” in ji Darrell. “Ki sa hannu mu huta.”

“Wilma,” in ji Leander, “ki ba ni hunturun nan. Tsofaffin itatuwa kawai zan ɗauka. In kuɗinsu bai yi rufi ba, ni da kaina zan buɗe wa katafila ƙofa.”

Darrell ya tuntsire da dariya. “Baba Leander, kai da alfadaranka wa ya girmi wani? Ku uku in an haɗa gwiwoyinku ba za a samu masu kyau huɗu ba.”

“Uwarka ta goya ka da ƙyar saboda nauyin baki,” in ji Leander. “Je ka ɗauko mata takalmin dusar ƙanƙara.”

Wilma ta hau tudun a bayan alfadara, tana riƙe da carbinta da hannu ɗaya. Ta dafa itatuwan da Leander ya nuna mata. Da suka zo kan wani da mijinta ya taɓa ɗaura wa yara lilo, ta miƙa hannu, sai ta janye shi ta sa a aljihu. Leander ya wuce gaba ya bar itacen, ko da yake ya fi duk sauran kauri.

Leander, kai ne ka yi wata biyu kana hawa kana sauka a cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Kai ne kake kayar da itace ta gefen da ba zai danne na ƙasa da shi ba, ko da hakan zai ci maka rabin yini. Mai sara da tausayi, ban san wani suna da ya fi wannan dacewa da kai ba.

Sai ɗumi ya zo da wuri. Ƙanƙara ta narke tun Ista da saura, tudun ya zama taɓo, kuma mafi yawan gumaguman suna can sama. A nan ne gwiwarsa ta ci amanarsa, ya faɗi, ya kasa tashi. Darrell da ya hau don ya ce masa ai na faɗa maka, shi ya ciccibe shi ya zaunar a kan kututture. Ya dubi tsohon, ya dubi gumaguman, ya cire rigar sanyinsa ya kama linzami. Ya yi ihu, ya ja, ya yi zagi. Alfadaran suka tsaya kamar an dasa su.

“Ba mota ba ce, Darrell,” in ji Leander. “Saki linzamin. Kai dai ɗaura sarƙa ka kauce.”

Daga kan kututturen ya yi magana ƙasa ƙasa, kamar mai lallashin jariri, sai dabbobin suka sunkuyar da kai suka ja. Haka aka ƙarasa aikin. Kowace safiya maza biyu daga coci suna ɗaukarsa su kai shi sama, Darrell yana ɗaure sarƙa cikin taɓo har gwiwa, shi kuma yana tuƙi da murya, dama, hagu, tsaya. Gungume na ƙarshe ya iso bakin hanya a Mako Mai Tsarki, ana gab da Ista.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda tsadar nan ta juya. A zamanin mahaifin Leander, kuɗin waɗannan 'yan itatuwan ba zai kai sulusin rufi ba. A waccan shekarar kuwa, saboda wasu a ƙasashen da ba mu taɓa gani ba suna son wuskinmu, sun yi rufin har da tagogi. Abin da ya zo zai cinye tudun shi ne ya fanshe shi, domin an samu mutum ɗaya da ya san inda zai tsaya. Dillalin ma ya zo ya sayi gumaguman, ya cire hula ya gai da Leander. Daga nan iyalai da yawa suka fasa kiran katafila, suka shiga layin jiran mai alfadarai.

Leander, mun gode. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya sa hutunka ya yi albarka. Ku kuma masu tuddai, ban ce kada ku sayar ba, domin halal ɗinku ne, kuma kasuwa ta yi kyau. Amma ku ɗauki wanda ya isa, ku bar na jikoki. Masu ƙarfi a jika kuma su je su koya tun malamin yana iya magana. Darrell ya riga ku, ya ajiye motarsa, alfadaran suna garkensa yanzu, ko da yake Leander ya ce har yau alfarma kawai suke yi wa Darrell.

A makon jiya aka kai Leander tudun Wilma a mota. Duk inda aka cire tsohon itace rana ta samu hanya, ƙananan sun taso sun kai kafaɗa. Ya tsaya a kan sandarsa yana kallonsu.

“Waɗannan ai ba za mu ga saransu ba,” in ji shi.

“To, ka yi a hankali da sandar nan,” in ji Wilma. “Kana taka mini ɗaya.”